Shekarar da Na Cire Abba Daga Raga

Ranar wata Litinin ce, ƙarfe tara da rabi na safe, a ofishin shugaban ƙaramar sakandaren unguwarmu a Haɗejiya. Mu huɗu ne a ciki: ni, da shugaban makarantar Malam Idi, da malamin wasanni Malam Bukar, sai yayanku Abba yana tsaye a bakin ƙofa, hannayensa a baya. Shekarar ce da kogi ya yi ambaliya ya cinye shinkafar fadama, mutanen ƙauyuka suka kwashe makonni suna kwana a cikin azuzuwa. A kan tebur akwai katin sakamako guda uku da na zo da su a aljihu, har lokacin suna ƙamshin turaren ɗakin kakarku.

Kun taso kuna jin cewa ni ne na hana yayanku ƙwallo, wai da na ƙyale shi da yanzu ana jin sunansa a duniya. A gidan biki kun ji, a bakin abokansa kun ji, na san kuma a tsakaninku kun sha maimaitawa idan na ba da baya. Ban taɓa musantawa ba, don akwai gaskiya a ciki. Sai dai shekara talatin na yi ina karanta labarai a gidan rediyo, abin da aikin ya koya mini kuwa shi ne rabin labari ya fi ƙarya ɓarna, domin mai faɗinsa yana iya rantsuwa a kai. Ga ragowar rabin.

Abba ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan yaro ɗaya. Mahaifiyarku ba ta kama sunansa, ni ma haka. Yana da shekara biyu Hajiya, mahaifiyata, ta ɗauke shi ya koma ɗakinta, tana kiransa Maigida, yana kiranta amarya mai furfura. A wurinmu abin kunya ne a ga uba yana rawar jiki a kan ɗan fari. Idan an ce ya yi abin kirki sai ka kau da kai, idan an ce ba shi da lafiya sai ka aika da magani ta hannun wani. Ku da kuka biyo baya na duba littattafanku, na ja muku kunne, na je makarantarku ba sau ɗaya ba. Shi kuwa har ya kai aji uku na ƙaramar sakandare ban taɓa taka ƙofar makarantarsa ba. A babban birnin jiha nake aiki, Juma'a da yamma nake shigowa gari in koma Lahadi. Duk ƙarshen zango Abba ya kawo katinsa ya miƙa wa Hajiya, ita ko ba ta san boko ba, sai ta shafa masa kai ta ce Allah ya yi albarka, ta jefa katin cikin kwalla ta rufe. Kowa a gidan ya sauke nauyin da al'ada ta ɗora masa, kuma babu wanda ya karanta katin.

Da aka yi jarrabawar fita aji uku kafin damina ta yi nisa, Abba bai rubuta ba. Labarin ya iso mini ta bakin mahaifiyarku, ita ma ta bakin Hajiya: wai sunan yaron nan bai fito ba, zai sake shekara. Hajiya ta ce haka Allah ya rubuta. Na ce to. Ni da ba na yarda in karanta jimla ɗaya a iska sai na san wanda ya faɗe ta, na karɓi wannan ban tambayi ko wane ne ya hana sunan fitowa ba.

Bayan ruwa ya janye, wata Asabar Hajiya ta sa ni in nemo mata katin asibiti a cikin kwallar. A ƙarƙashin zannuwa na tarar da katunan Abba. Na zauna a bakin gadonta na karanta na aji uku ɗaya bayan ɗaya. A duka zangon uku an ba shi maki mai kyau a lissafi, da hannu iri ɗaya, da biro iri ɗaya. A Turanci ma haka. A ƙasan na ƙarshe an rubuta cewa zai maimaita aji saboda bai zauna jarrabawa ba. Yaron da ya ci komai, amma sunansa bai fito ba. Na kira shi zaure, abin da ban taɓa yi ba, na ciro takardar labaran da na karanta ranar Alhamis na miƙa masa, na ce ya karanta mini sakin layi na farko. Hausa ce, ba Turanci ba. Na duba agogona, don hannu ya saba. Abin da nake karantawa a daƙiƙa arba'in, Abba ya yi minti huɗu yana bin sa da yatsa, bai kai ƙarshe ba. Shekarunsa goma sha biyar. Na tambaye shi wa ke koya musu lissafi. Ya ce malamin an yi masa canji zuwa Birniwa tun zangon farko, ba a kawo wani ba. Na tambaye shi me yake yi a makaranta tun daga safe har azahar.

"Atisaye muke yi, Baba," in ji shi. "Ni ne mai tsaron gida."

Ashe duk garin ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Shekarar da ta gabata makarantarsu ce ta ɗauki kofin shiyya, kuma Abba ne ya tare bugun fenareti biyu a wasan ƙarshe. Wata sabuwa kuma, ni da bakina na karanta sakamakon wasan a labaran yamma, ban san ɗana ne a raga ba.

Shi ya sa ranar Litinin ban koma aiki ba, na tsaya a gaban teburin Malam Idi. Ya karɓe ni da girmamawa, ya ce muryar da suke ji kullum yau ga mai ita. Na ce na zo ne in ga jerin sunayen da aka tura don jarrabawa. Ya ce wane yaro ne. Ya san yaron sarai, ga shi nan a tsaye, so yake in ji nauyin faɗa in bar maganar. Na ce:

"Usman. Ɗana Usman."

Ranar ce Abba ya fara jin sunansa a bakina. Na ga ya ɗago kai ya dube ni, ya sake sunkuyawa.

Malam Idi ya shiga bayani. Ya ce an samu tangarɗa wajen tattara sunaye, hukumar makaranta tana sane, kuma ana kan ɗaukar matakan da suka dace. Na bar shi ya kai aya, sannan na ce masa wannan harshen na fi shi iyawa, shekara da shekaru ina karanta shi a madadin ma'aikatu, na san ana yin sa ne idan ba a son a ce e ko a'a. Na ce tambayata ɗaya ce: an tura sunan ko ba a tura ba. Ya dubi Malam Bukar. Malam Bukar dogo ne, siriri, iyayensa daga wajen tafkin Cadi suka zo, kuma mutum ne da bai iya kwana-kwana ba. Ya ce ba a tura ba, kuma shi ya roƙi kada a tura. Gasar ta ƙananan sakandare ce, idan Abba ya wuce aji huɗu ya bar makarantar ke nan, su kuwa ba su da wani mai tsaron gida.

Ban ɗaga murya ba. A aikinmu an hore mu cewa idan labari ya yi muni sai ka rage sauri. Na tambaye shi ko ya san shekara guda ya ɗauka daga rayuwar yaro kamar yadda ake zare kifi daga koma. Amsar da ya ba ni har yau tana kunnena.

"Alhaji, ni ƙarfe bakwai nake zuwa makarantar nan, kullum. Ka tambaye shi wane malami ne ban da ni ya san sunansa. Mai Turanci yana fadama, sai ya gama da shinkafarsa. Mai lissafi babu. Da ruwa ya zo, mako shida mutane na kwana a aji, benci ya zama makamashi, filin ƙwallo kaɗai ne makarantar da ta rage. Yaran da ke wasa su ke zuwa, sauran suna bakin kogi wajen kamun kifi ko suna korar tsuntsayen jan-baki a gona. Ka ce na ɗauke masa shekara. In na sake shi ya tafi aji huɗu, da me zai tafi?"

Na ce to, tunda ya san yaron bai iya karatu ba, a cikin wannan shekarar da ya riƙe shi, awa nawa aka ware don a koya masa. Na ce wa ya rubuta makin lissafin. Malam Idi ya ce ai ba a barin gurbi a kati, ofis ba ya karɓa. Wato an san babu malami, an san ba a koyar da komai ba, amma aka zauna aka ƙirƙiro maki don kada takarda ta je ofis da rami. Takarda aka tausaya wa.

Ina tashi Malam Idi ya riƙe hannuna ya kai ni taga, ya nuna mini azuzuwa biyu masu sabon kwano yana ƙyalli, da na uku a gefensu wanda iska ta yaye tun shekaru uku. Ya ce wasiƙa nawa ya rubuta a kan rufin nan, ko amsa bai samu ba. Ranar da suka ɗauki kofi, shugaban ƙaramar hukuma ya zo da kansa ya ɗauki hoto da yaran, kafin wata ya ƙare aka yi wa azuzuwan nan biyu rufi, aka kuma yi alkawarin na uku idan sun sake ɗauka. Wasan ƙarshe na bana saura kwana goma, da wata makaranta daga Kaugama.

"Ba don kaina nake yi ba, Alhaji," in ji shi. "Hannun ɗanka ne ya rufe ajin can."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai. Makarantar gwamnati, da aka gina don ɗan talaka ya iya karatu, ba ta samun kwanon rufi sai yaro ya yi tsalle ya tare ƙwallo a gaban babban mutum.

A gida magana ta rabu. Hajiya ta ce ita ba ta ga abin tashin hankali ba, Maigidanta bai yi sata ba, bai sha komai ba, ko'ina ta bi a kasuwa ana cewa ga kakar gola, har mai nama yana yi mata gyara. Ta ce ni da na yi bokon me na tara ban da surutu a cikin akwati. Mahaifiyarku ba ta saba sa baki a maganar Abba ba, amma ranar, tana tankaɗe ba ta dube ni ba, ta ce laifin bai tsaya a makaranta ba, katin shekara uku yana cikin gidan nan. Ta ce yaron nan abu ɗaya ya samu da aka ce ya iya, a bi a hankali wajen karɓe shi. Na juya kan Abba kansa. Da na matsa, ya ce Malam Bukar ya gaya masa tun kafin jarrabawa, kuma ya yarda, domin ko ya shiga ɗakin jarrabawar bai san abin da zai rubuta ba.

Abokan aiki sun ce in saka maganar a rediyo, shiri guda ya isa a girgiza ma'aikata. Na ƙi. Ƙa'idar aiki ba ta yarda mutum ya yi rahoto a kan abin da ya shafe shi ba, kuma na san yadda za ta ƙare: a dakatar da Malam Bukar, mutum ɗaya tilo da ke zuwa ƙarfe bakwai, malamin lissafi kuwa ba zai zo ba. Na zaɓi in kai ta taron iyaye da malamai, wanda aka kira ranar Asabar a ƙarƙashin darbejiyar makaranta.

Na yi zaton iyaye za su tashi tare da ni. Na karanta musu katin, na gaya musu babu malamin lissafi tun bara, na ce kowa ya koma gida ya miƙa wa ɗansa takarda ya gani da idonsa. Na ce ban ƙi wasa ba, yaro yana bukatar ya motsa jini, amma wasa gishiri ne, ba a cika tukunya da shi a ce an yi miya. Wani dattijo mai sayar da kifi ya miƙe ya ce ɗansa na fari ya gama sakandare da takarda mai kyau, ga shi can yana tura baro a tasha, gara wanda ya iya ƙwallo ko banza an san shi. Wani ya ce ba don filin nan ba da yaransa uku suna cikin kwalekwale. Wani tela ya goyi bayana, ya ce 'yarsa ba ta buga ƙwallo, ita wa zai koya mata, ko ita ba 'yar makarantar ba ce. Daga baya can wani ya ce Alhaji yana da halin kai nasa makarantar kuɗi, ya bar mu da rufinmu. Aka yi dariya. Shugaban taron ya ce maganar malamin lissafi za a rubuta wasiƙa, maganar Abba kuwa a bari sai bayan Alhamis, ranar wasa. Aka shafa fatiha.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne babu wanda ya ce ƙarya na yi. Kowa ya yarda yaran ba su iya karatu ba, kowa ya yarda makin na bogi ne. Sun riga sun fid da rai ne cewa makarantar za ta koyar, suka koma neman abin da za a iya samu daga gare ta, ko kofi ko kwano. Kuma ni, da muryata, na yi shekaru ina gaya musu cewa an himmatu wajen inganta ilimi.

Makarantar kuɗi ban kai shi ba, don kada maganar mutumin can ta tabbata. Ƙanena Malam Hamza yana koyarwa a wata makarantar gwamnati a Kafin Hausa, inda aka yi sa'ar shugaba mai tsayawa a ƙofa da rajista. Na yanke shawarar Abba ya koma wurinsa, ya yi ajin a can, da safe makaranta, da yamma Hamza ya zaunar da shi. Har gobe ina kan cewa wannan shawarar daidai ce.

Ranar tafiyar ce ba daidai ba. Na ce Lahadi. Mahaifiyarku ta same ni a ɗaki ta ce:

"Malam, kwana huɗu ne. Wanda ya yi shekara uku bai duba ba, kwana huɗu ba za su gagare shi ba."

Na ce idan na bari ya buga, na sa hannu ke nan a kan abin da suka yi, na nuna musu dabararsu ta ci. Haka na faɗa, haka kuma na gaskata a lokacin. Yanzu da na tsufa na san dariyar da aka yi mini a ƙarƙashin darbejiya ce ta zaɓi ranar. Karatun Abba ba zai ragu da komai ba don ya kai Juma'a. Na so Malam Idi da Malam Bukar da masu dariya su ji a jikinsu, abin da ke hannuna da zan buge su da shi kuwa ɗana ne. Su sun riƙe shi don rufi, ni na ɗauke shi don fushi, a cikinmu babu wanda ya tambaye shi.

Lahadi da hantsi na sa jakarsa a mota. Hajiya ta ƙi fitowa daga ɗaki, ta aiko a gaya mini tunda na iya raba mace da mijinta, in nemi wani ɗakin da zan riƙa cin tuwo. Wata uku ban ci abinci a gabanta ba. Abba ya shiga ya yi mata sallama, ya fito ba tare da safar hannunsa ta tsaron gida ba. A hanya ruwa bai gama janyewa daga gonaki ba, ciyawar kacala ta cika bakin titi, mutane na ta gyaran kunyoyi. Da muka isa Kafin Hausa, zan juyo, Abba ya durƙusa ya ce Allah ya kiyaye hanya. Shekaru da yawa bayan nan, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Malam Bukar ya zo gida ranar Talata, bai same ni ba. Ya bar saƙo wurin mahaifiyarku cewa ya yi kuskure a kan jarrabawa, ya roƙi a ba shi yaron na yini ɗaya, shi zai je ya ɗauko shi a kan babur ya mayar. Saƙon ya same ni a wurin aiki ranar Laraba. Ban amsa ba.

Ranar Alhamis aka sa wani yaro ɗan aji biyu a raga, aka ci su uku da nema. Sakamakon ya zo cikin labaran yamma, kuma ni ke kan aiki, na karanta shi kamar yadda na karanta sauran. Shugaban ƙaramar hukuma bai zo ba. Ajin nan da iska ta yaye ya ƙara damina biyu babu rufi, a cikinsa ƙanwarku Hadiza ta yi ajinta na ɗaya. Malamin lissafi ya iso bayan shekara biyu. Abba ya rubuta jarrabawarsa a Kafin Hausa ya ci da guminsa, ya wuce har inda kuka sani, kuma bai sake tsayawa a raga ba. Da Hajiya ta rasu aka buɗe kwallarta don rabon kaya, safar hannun tana ciki, a kan katunan.